Sauya Tayar Mota Mai Tafiya Ba Iska da Taya Irin ta Kullum

Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su ƙasar nan daga Turai da Amurka, watau waɗanda a Kudu ake kira tokumbo, a Arewa kuma 'yan Kwatano, suna zuwa da wata irin taya wadda yawancin direbobinmu ba su saba da ita ba. Ita wannan taya, ko ƙusa ta soke ta iska ta fice sarai, ba ta kwantawa ƙasa. Mota za ta ci gaba da tafiya a kanta har wani ɗan nisa. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma ranar da ta suɗe aka je kasuwa neman irinta, sai mai mota ya tarar tana da tsada, tana kuma da wuyar samu. Nan take shawara za ta zo masa cewa ya cire ta ya sa taya irin wadda kowa ya sani.

An rubuta wannan takarda ne saboda mai irin wannan shawara. Sauyawar ba laifi ba ce, sau da yawa ma ita ta fi dacewa da hanyoyinmu. Amma akwai wani abu da masu ƙera motar suka cire daga cikinta don sun dogara ga waccan taya, kuma duk wanda ya sauya taya bai maido da wannan abu ba, ya jefa kansa da iyalinsa cikin hatsari bai sani ba.

Yadda tayar take

Taya irin ta kullum iskar da ke cikinta ce take ɗauke da nauyin mota. Gefenta bai da kauri, roba ce da zare, yana lanƙwasa yana miƙewa yayin da mota ke gudu. Da zarar iska ta fita, gefen ya naɗe, rim ya zauna a kansa ya yi ta niƙarsa, kafin a yi nisa taya ta zama tsumma.

Mai tafiya ba iska kuwa an yi wa gefenta ƙari daga ciki da wata roba mai kauri, mai jure zafi, wadda za ta iya tallafe nauyin motar ita kaɗai. An kuma ƙarfafa bakinta yadda ba zai suɓuce daga rim ba. Amma fa wannan tallafi na ɗan lokaci ne. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni suka bayar ita ce kada a wuce tafiyar kilomita 80 bayan iska ta fita, kada kuma gudu ya wuce kilomita 80 a awa. Kilomita 80 kusan tazarar Kaduna zuwa Zariya ke nan. Wanda tayarsa ta sace a farkon babbar hanyar Ikko zuwa Badun, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 130, ba za ta kai shi Badun ba. In mota ta yi lodi, ko rana ta take, ko hanya ta yi ramuka, nisan ma bai kai haka ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da wata irinta mai suna Denovo wadda aka sa wa motar Rover a 1973. A Amurka, motar Chevrolet Corvette ta 1997 ta fito da irin wannan taya ba tare da safaya ba. Daga baya kamfanin BMW na Jamus ya rungumi abin ya sa wa yawancin motocinsa, haka ma ƙaramar motar nan MINI. Wadda ta fi shafar jama'a a nan gida ita ce Toyota Sienna, wadda ta cika tashoshin mota daga Ikko har Maiduguri: samfurinta mai ja da ƙafa huɗu, daga na 2004 zuwa na 2020, da irin wannan taya yake fitowa, domin sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya ta cinye wurin da ake rataye safaya.

Ana gane tayar daga rubutun da ke gefenta. Wasu an rubuta Run Flat ɓaro-ɓaro. Bridgestone na sa RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST, waɗanda aka yi domin BMW kuma akan ga RSC a jikinsu. Akwai wata taya dabam wadda aka shafa wa wani abu mai danƙo daga ciki, mai toshe ƙaramin rami da kansa. Wannan gefenta irin na kullum ne, in iskarta ta fita kwantawa take yi, saboda haka kada a haɗa su.

Abin da ke sa mutane sauyawa

Kuɗi ne kan gaba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, yawancin tayoyin ƙananan motoci daga waje ake kawo su, kuma ɗan kasuwa abin da ke saurin fita yake sarowa. Mai neman taya ta kullum zai same ta a kowane babban gari. Mai neman wadda ke tafiya ba iska, a daidai girman da motarsa ke so, sai ya zagaya Ladipo a Ikko, ko Apo a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci ma sai an yi masa odarta ya jira.

Sa'an nan ga maganar faci. Tayar da aka yi tafiya a kanta ba iska, robar da ke cikin gefenta ta sha zafi ta gaji, ko da daga waje ba a ga kome ba. Saboda haka wasu kamfanoni suka hana yi mata faci ɗungum, wasu kuma suka yarda bisa sharaɗin a cire ta daga rim, gwani ya duba cikinta. Cire ta kuma ba aikin ƙarfe da guduma ba ne. Gefenta ya yi tauri da yawa, mai faci na bakin hanya in ya dage da ƙarfi, ko ya yage bakin tayar, ko ya ɓantare rim, ko ya karya 'yar na'urar da ke gindin bawul. Wannan ba gazawar mai faci ba ce, tayar ce aka yi ta domin wurin da ke da injin cire taya.

Taurin nan nasa kuma yana da wani aibu a hanya mai ramuka. Taya mai laushi takan shanye wani kashi na bugun rami. Mai tauri kuwa miƙa bugun take yi ga rim da ƙafar mota da ƙashin bayan wanda ke zaune. Masu irin waɗannan motoci sukan yi kukan rim ya tsage, ko gefen taya ya yi ƙululu kamar ƙurji. Tayar da ta yi ƙululu kuwa, ko wace iri ce, ta gama aiki.

Duk da haka kada a raina amfaninta. Wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, ko mai dawowa gida cikin dare, ko macen da ke tuƙi ita kaɗai da yara, taya mai tafiya ba iska tana ba su damar kada su tsaya a wurin da tsayawa ke da hatsari. A kan Gadar Third Mainland da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko a wani daji inda ake fargabar ɓarayi, kilomita 80 ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan in ta sace ana cikin gudu, ba ta fizgar sitiyari kamar yadda ta kullum ke yi. A ganin mai wannan rubutu, wanda ke yawan doguwar tafiya tsakanin jihohi ya fi samun kwanciyar rai da taya ta kullum da cikakkiyar safaya a but, domin ko a ƙauye zai sami mai yi masa faci. Wanda bai cika fita gari ba, kuma aljihunsa zai ɗauka, ba lalle ne ya sauya ba.

Abin da aka cire daga motar

Motar da ta fito da taya mai tafiya ba iska, yawanci ba ta da safaya, ba ta da jak, ba ta da sifanar kwance ƙafa. Wasu ma ko ramin ajiye safaya babu a but ɗinsu, an sa batir ko wasu kayan lantarki a wurin. Watau ita tayar ce safayar kanta. Ranar da ka cire ta, ka cire safayarka.

Na taɓa yin tafiya da wani abokin aiki daga Abuja za mu Benin, cikin wata motar Turai da ya saya bai fi wata biyu ba. Wanda ya sayar masa ya sa mata sababbin tayoyi huɗu irin na kullum, suna ƙyalli, abokina har yana yaba kirkinsa. Mun wuce Lakwaja da kaɗan, wajen la'asar, ƙafar baya ta sace. Muka buɗe but, muka ɗaga shimfiɗa, ba safaya, ba jak, ba ma wurin ajiye su. Sai da wani direban tanka ya ara mana jak, muka kwance ƙafar, aka ɗora ta a kan babur aka koma da ita gari, ni kuwa ina zaune a bakin hanya ina gadin mota har bayan magariba. Ba mu gamu da kome ba, amma wannan Allah ne ya tsare, ba dabararmu ba.

Saboda haka kafin a taɓa ko taya ɗaya, a fara tanadar safaya. Wadda ta fi ita ce cikakkiyar taya a kan rim irin na motar. A gwada ta a ƙafar gaba da ta baya tun a gareji, domin wani rim ramukansa za su yi daidai amma ya riƙa gugar birki. In but ba zai ɗauki cikakkiya ba, akwai siririyar safaya ta wucin gadi, wadda ita ma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma iskarta ta fi ta sauran yawa, bar 4.2, watau 60 a gejin masu faci. Ko wacce aka samu, a ɗaure ta tamau. Tayar da ke yawo a but, ko a bayan kujerun fasinja kamar yadda ake gani a wasu Sienna na haya, in aka yi karo makami ce. Jak kuma ya zama wanda bakinsa ya dace da wurin da aka tanada a ƙarƙashin motar, sifana ta yi daidai da kan noti. Wasu motocin suna da noti guda a kowace ƙafa wanda ba ya kwantuwa sai da makullinsa na musamman, in babu shi a motar, a nema tun yanzu.

Akan sayar da wani ɗan famfo mai aiki da batir haɗe da kwalbar ruwan toshe rami. Yana da amfani ga ƙaramin ramin ƙusa a tafin taya, ba ya kuma yin kome ga gefen da dutse ko bakin rami ya yanka, wanda shi ne ciwon da hanyoyinmu suka fi jawowa. Ruwan ma yana da ranar lalacewa. A ɗauke shi a matsayin ƙari, ba madadin safaya ba. Ban da haka, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, suna tambayar safaya a kan hanya, tare da alamar gargaɗi mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara. Motar da ke kan tayoyi irin na kullum ba ta da wani uzuri a gabansu.

Huɗun gaba ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauya taya ɗaya ko biyu, a bar sauran sai sun suɗe. Dalilin a fili yake, kuɗin taya huɗu lokaci guda ba wasa ba ne. Amma taya mai taurin gefe da mai laushin gefe ba sa amsa sitiyari daidai da juna. A tafiyar yau da kullum direba ba zai ji bambanci sosai ba. Ranar da akuya ta faɗo hanya ya kauce da sauri, ko ya taka birki a kwana bayan an yi ruwa, gefe ɗaya na motar zai riƙe, ɗayan ya ba da kai, a nan ne mota ke juyawa. Haɗa iri biyu a ƙafafun gaba, ko a ƙafafun baya, wannan kada a kuskura. Sa iri ɗaya a gaba wani iri a baya, shi ma masu ƙera taya ba su ba da shawararsa ba. Ga mota mai ja da ƙafa huɗu abin ya fi tsanani, domin in tayoyin suka bambanta a girma, ko da bambancin sabuwa da tsohuwa ne, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya takan wahala, gyaranta kuwa ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba. Wanda kuɗinsa bai kai na huɗu ba, gara ya sayi guda irin wadda ke kan motar, ya ci gaba da tari.

Rim ɗin da ya zo da motar yawanci yana karɓar taya ta kullum ba tare da wata matsala ba. Togaciya ɗaya ita ce tsarin PAX na Michelin, wanda aka sa wa wasu Honda Odyssey na Amurka daga 2005. Shi zobe ne a cikin tayar, rim ɗinsa ma na musamman ne, ba ya karɓar wata taya. Mai irin wannan mota sai ya sauya har da rim.

Karanta gefen taya

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda manne, wadda ta faɗi girman tayar da motar ke so da yawan iskar da za a ba ta. Ita ce abin bi, ba tayar da aka tarar a ƙafa ba, domin mai yiwuwa wanda ya riga ka ya sa ba daidai ba. Misali, in an rubuta 225/45 R17 91W, ma'anarsa faɗin tayar milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 17. Lamba 91 tana nufin tayar na iya ɗaukar kilo 615, da 94 ce da kilo 670 ke nan. Harafin ƙarshe na gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Wani zai ce ai ba wanda zai yi irin wannan gudu a hanyoyinmu, gaskiya ne kuwa, doka ma ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce 100 a babbar hanya ba. Amma harafin yana kuma nuna yadda tayar ke jure zafi, mu kuwa zafi ne abokin gabarmu, balle a watan Maris da Afrilu sa'ad da kwalta ke ƙuna. Sabuwar taya kada lambarta ta nauyi ko harafinta na gudu su gaza waɗanda aka rubuta.

A lura kuma, wasu motocin Jamus tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, misali 225/45 R17 a gaba, 255/40 R17 a baya. Irin waɗannan ba a saya musu huɗu masu girma ɗaya, ba a kuma maida ta gaba baya.

Akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, su ne ranar haihuwar taya. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Michelin, alal misali, ya ba da shawarar a riƙa kai taya ga gwani kowace shekara bayan ta yi biyar tana aiki, a kuma cire ta in ta cika goma, kome kyawun tafinta. Wanda ya gudu daga tsadar taya mai tafiya ba iska ya faɗa wa tsohuwar taya ta gwanjo, bai ci riba ba. Gwamnatin Tarayya ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa kuma ta sha kama tayoyi marasa inganci, har da waɗanda aka cusa wata cikin wata don a rage kuɗin dako, abin da ke lalata wayar da ke bakinsu tun ba a hau su ba.

Fitilar da ke gaban direba

Da yake taya mai tafiya ba iska ba ta nuna alama in ta sace, dole motar ta kasance da na'urar da ke faɗa wa direba. Ita ce 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. A Amurka doka ta wajabta ta ga sababbin ƙananan motoci tun Satumba 2007, a Tarayyar Turai kuma tun Nuwamba 2014, saboda haka yawancin motocin da ke zuwa mana yanzu suna da ita. Iri biyu ce. Wata tana da ƙaramin ma'auni mai batir a gindin kowane bawul, wanda batirinsa kan yi shekara biyar zuwa goma. Wata kuma ba ta da kome a cikin taya, saurin juyawar ƙafafu take kwatantawa, domin tayar da iskarta ta ragu ta fi sauran saurin juyawa.

Wasu masu gyara, in sun sa taya ta kullum, sai su cire ma'aunin su jefar su sa bawul na roba, fitila ta kama ta ƙi mutuwa, su ce wa mai mota ya ƙyale ta. Kada ka yarda. Ka tsaya a kan aikin, ka gaya wa mai cire tayar akwai na'ura a gindin bawul tun kafin ya sa ƙarfe. Bayan an gama, a ba kowace taya iskar da takardar ƙofa ta faɗa, da safe ko bayan mota ta huce, sa'an nan a sake saita na'urar kamar yadda littafin motar ya nuna. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake cikawa ba. Yawancin ƙananan motoci wajen bar 2.2 suke so, watau 32 a geji, amma masu faci da yawa sukan ɗura 45 ko 50 in ba a hana su ba.

A yi wa ƙafafu balansin, a duba alaimen. In motar sabuwa ce tana cikin garanti, a tambayi dila kafin a sauya, kamfanin inshora ma a sanar da shi a rubuce.

Makon farko

An daidaita sifirin da shok na motar ne da taya mai tauri, don haka bayan sauyi za ka ji ta yi laushi, ƙara ta ragu, sitiyari kuma ya ɗan rage kaifi a kwana. Ka ba kanka 'yan kwanaki cikin gari kafin ka hau doguwar hanya, sabuwar taya ma tana da ɗan santsi sai ta yi 'yar tafiya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hali. Direban da ya saba in fitila ta kama ya rage gudu ya ci gaba har gida, yanzu dole ya tsaya a wuri na farko da ya ga amintacce. In taya ta fashe ana cikin gudu, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a danne birki sai mota ta rage gudu da kanta. A sauka daga kan kwalta sosai, a kafa alamar gargaɗi can baya, fasinjoji su fita su tsaya nesa da hanya. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. In matarka ko ɗanka ko direban ofis suna tuƙa motar, ka gaya musu an sauya tayoyin, ka nuna musu inda jak da sifana suke, ku gwada kwance ƙafa ɗaya tare a tsakar gida ranar Asabar. Duk wata kuma, sa'ad da ake duba iskar tayoyi huɗun, a ciro safayar ita ma a sa mata geji.